Ƙarancin harsashin .22 da tsadarsa: daga ina matsalar take, kuma yaya mai horar da matasa zai yi?

Kocin Gwarinpa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da dattawa da 'yan'uwa na wannan zaure, tare da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ni mai horar da matasa ne a wasan harbin saiti, a wata ƙungiya mai rajista a nan Abuja. Kafin wani ya ɗauki maganata ta wata fuska, ina so in bayyana tun da farko cewa bindigoginmu da harsasanmu duka a kan lasisi suke, a ɗakin ajiya mai kulle suke kwana, kuma babu harsashi ɗaya da ke fita sai an rubuta shi a littafi da sunan wanda ya harba shi.

Abin da ya kawo ni shi ne halin da muka shiga game da ƙaramin harsashin nan na .22, wanda a filin harbi muke kira tu-tu. Da shi ake harbin mita 50 a gasar duniya, a durƙushe da kwance da tsaye, kuma shi ake fara ba mai koyo idan ya wuce matakin bindigar iska, saboda ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa kuma ba ta razana yaro. A da, babban abin da ya sa muke ƙaunarsa shi ne araha. A yau kuwa, in ka tambayi dillali mai rajista sai ya ce maka babu, in kuma an yi sa'a akwai, sai ka tarar kuɗin kwali ɗaya mai guda 50 ya kai abin da muke sayen kwali uku ko huɗu da shi a shekarun baya, sannan ba ka da zaɓi, abin da ka tarar shi za ka ɗauka ko da bai dace da bindigarka ba.

Asabar ɗin da ta wuce ce ta sa na kasa yin shiru. Akwai wata ɗalibata 'yar shekara goma sha tara da ke tasowa tun daga Nyanya da sassafe, ta shiga mota biyu kafin ta iso. Ta shimfiɗa tabarmarta, ta ɗaura majanyin hannu, ta kwanta ta gyara numfashi, ni kuma na buɗe kwali na ƙirga mata guda goma a cikin murfin gwangwani, domin iyakar rabon kowa ke nan a ranar. Ta dubi murfin, ta dube ni, ta ce: "Malam, in na ƙarar da biyar wajen gyara saiti, da biyar ɗin zan koyi abin da ake harba sittin a gasa?" Wallahi ban sami amsar da zan ba ta ba, kuma har yanzu maganar tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tambayoyina su ne waɗannan. Ina yawan jin ana cewa ƙarancin daga Amurka ya samo asali. Shin gaskiya ne, ko kuwa matsalar tamu ce ta cikin gida? Idan na ci karo da shi a wajen dillali, ya dace in nemi ƙungiya ta kwashe duk abin da lasisinmu ya ba mu dama mu ajiye, ko kuwa hakan ƙara dagula lamarin ne? Akwai kuma wani da ya kira ni a waya, ban san inda ya sami lambata ba, ya ce yana da shi da sauƙin kuɗi amma babu maganar takarda. Ban amsa masa ba, kuma ba ni da niyya, sai dai ina so in ji abin da manya za su ce. Daga ƙarshe, shin in mayar da yaran nan gaba ɗaya kan bindigar iska har Allah ya kawo sauƙi?

Injiniya Baban Ilham ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Koci. Allah ya saka da alheri a kan hidimar da kake yi wa yaran nan. Zan amsa tambayarka ta farko, domin na zauna a jihar Minesota ta Amurka daga 2011 zuwa 2016, kuma a kan idona aka yi babban ƙarancin da ake ba da labari.

Sai an fara fahimtar yadda aka ƙera harsashin kafin a gane dalilin da ya sa ya fi sauran saurin ɓacewa daga kasuwa. Manyan harsasai suna da ɗan ƙoƙo a tsakiyar gindinsu mai ɗauke da sinadarin tayar da wuta, allurar bindiga ta dake shi, albarushi ya kama. Shi kuwa .22 ba shi da wannan ƙoƙon. Sinadarin yana kwance ne a cikin leɓen gindin kwanson zagaye, allura kuma leɓen take murƙushewa. Wannan ƙira tsohuwa ce, ta samo asali daga wani Bafaranshe mai suna Flobert a 1845, irin da muke amfani da shi kuma, wato .22 LR, kamfanin Stevens ne ya fito da shi a Amurka a 1887. Abu biyu suka biyo bayan wannan ƙira. Na farko, da zarar an harba shi leɓen ya lotse, kwanson ya zama na zubarwa, ba kamar manyan harsasai ba da maharban can suke tattara kwansonsu su sake cikawa idan kasuwa ta yi tsanani. Saboda haka mai .22 ba shi da mafita sai masana'anta. Na biyu, zuba sinadarin nan a cikin leɓe aiki ne mai haɗari da ake yi yana jiƙe, a juya kwanson ya bazu, a bar shi ya bushe, a kan injinan da ba su da wani aiki sai wannan. Ribar kowane harsashi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka kamfani ba ya gaggawar kashe maƙudan kuɗi ya gina sabon layi saboda rububin da yake ganin zai lafa bayan shekara biyu.

Rububin kuwa tsoro ne ya haife shi. An fara ganinsa bayan zaɓen Obama a 2008, amma ya yi ƙamari ne bayan kisan da aka yi a makarantar firamare ta Sandy Hook a watan Disamban 2012, lokacin da masu bindiga suka ɗauka za a tsaurara doka. Kafin nan, babban kwali mai guda 500 bai wuce dala ashirin ko ƙasa da haka ba, a kowane babban kanti yake jibge kamar sabulu. A 2013 na ga kantar da ake jera shi ta zama wayam wata da watanni. Na ga dattawa masu ritaya suna layi tun duku-duku cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, suna jiran motar kaya, kanti kuma ya ƙayyade kwalin da mutum ɗaya zai saya. Wasu daga cikin masu layin ba maharba ba ne ma, saye suke yi su kai intanet su sayar ninki biyu ko uku. Abin mamakin shi ne masana'antar harsashi ta Federal tana nan garin Anoka, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda nake zaune, tana aiki ba dare ba rana, ita da CCI da ke Lewiston a jihar Aidaho. Kayan ba su daina fitowa ba; mutumin da a da yake sayen kwali ɗaya ya harbe shi kafin ya dawo, shi ne ya koma sayen goma yana ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Sai wajen 2016 zuwa 2017 abin ya daidaita.

An sake maimaita shi a 2020, da annobar korona da zanga-zanga da zaɓe suka haɗu, miliyoyin mutane suka sayi bindiga a karon farko, ga kuma kamfanin Remington ya durƙushe a wannan shekarar, masana'antarsa ta harsashi a jihar Akansas ta yi rauni kafin Vista Outdoor ya saye ta ya farfaɗo da ita. Daga 2022 yaƙin Yukren ya ja albarushi da tagulla zuwa ɓangaren soja, a 2024 kuma ƙasar Sin ta taƙaita fitar da ma'adinin antimoni, wanda ake ƙarfafa dalmar harsashi da shi. To, idan kasuwar da ta fi kowace girma a duniya tana hadiye abin da aka ƙera, ɗan abin da za a aiko wa irinmu shi ne zai zo a ƙarshen layi. A ganina nan ne tushen.

Alhaji Mai Kiliyarin ya amsa:

Salamu alaikum. Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa a kan abin da ya gani, kuma ban musa ko ɗaya ba, amma da izininsa zan ce ya ɗora wa Amurka kaya fiye da nata. A yanzu haka harsashin nan yana samuwa a kantunan Amurka da na Turai, ba kamar 2013 ko 2020 ba, mu kuwa har yau babu. Da a ce daga can ne ciwon yake, da mun warke tare da su. Na shafe sama da shekara ashirin ina aikin fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Legas kafin in dawo Abuja, kuma abin da na sani shi ne matsalarmu dala ce da takarda da ƙanƙantar kasuwa.

Maganar dala kowa ya san ta a jikinsa. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, da aka saki naira ta nemi matsayinta sai ga dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ko da kamfanin Eley na Ingila ko RWS na Jamus ko Lapua bai ƙara ko kwabo a kan farashinsa ba, kwalin da Malam Koci yake saye ya riga ya ninka sau uku tun kafin ya bar masana'anta. Wannan kaɗai ya amsa lissafinsa na kwali uku ko huɗu.

Takarda kuwa ita ce inda masu jari suke karaya. Dokar Bindigogi ta 1959 ba ta yarda kowa ya shigo da harsashi ba sai da lasisin shigowa, ta mashigar da doka ta amince, kuma ba a sayar da shi sai ta hannun dillali mai rajista. Ana buƙatar takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Sannan akwai yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da harsasansu, wadda aka sanya wa hannu a nan Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, wadda ta hana shigo da su yankin sai da takardar sahalewa. Ita ma ƙasar da za a sayo daga gare ta sai ta ba da izinin fitarwa. Kowace daga cikin takardun nan tana da wa'adinta, kuma na taɓa riƙe aikin wani dillali, ba na .22 ba amma hanyar ɗaya ce, inda takarda ɗaya ta kwanta a kan wani tebur har wa'adin ta farkon ya ƙare, muka koma gidan jiya, kuɗin mutumin yana ɗaure kusan shekara guda. Daga wannan karon ya bar harkar ya koma kayan gini.

A haɗa da cewa harsashi kaya ne masu haɗari a tsarin sufuri, ba kowane jirgi ne ke yarda ya ɗauka ba, wanda ya yarda kuma yana da ƙaramin adadin da ba zai karɓi ƙasa da shi ba. Ko ɗan wasan da ya je gasa waje, ƙa'idar jiragen sama kilo 5 ta yarje masa a cikin kayansa, abin da bai kai harsashi 2,000 ba, shi ma sai da amincewar kamfanin jirgin da izinin shigowa. Yanzu a tambaya: mutum nawa ne a Najeriya suke da lasisin bindigar .22? A watan Agustan 2023 muƙaddashin shugaban 'yan sanda na wancan lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan bindigogi, ke nan masu sayen ba ƙaruwa suke yi ba. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗaure miliyoyinsa shekara guda saboda 'yan tsirarun masu saye? Wasu kan ce ai muna da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, amma don bukatun soja da jami'an tsaro aka kafa ta, kuma kamar yadda Injiniya ya nuna, layin ƙera irin wannan harsashi ba ya biyan kansa sai ana fitar da miliyoyi.

Shawarata a kan sayen da yawa ita ce, ƙungiyoyinku su daina tafiya ɗai-ɗai. Ku haɗa bukatar shekara guda, ku bi ta hannun hukumar wasan harbi ta ƙasa, a yi oda ɗaya da takarda ɗaya ta hannun dillali ɗaya mai rajista. Ƙungiya ɗaya ta kwashe ɗan abin da ya shigo ba ta magance komai ba, ta dai mayar da yunwar gidan maƙwabci ne.

Dattijon Gangare ya amsa:

Assalamu alaikum. Daga Jos nake rubutu, kuma na girme ku duka a zatona, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na yi farauta tun ina saurayi, na fara da bindigar toka a bayan mahaifina, daga baya na mallaki ta harsashi da lasisi. Na ji zafin yarinyar nan ta Nyanya har cikin raina. Amma Alhaji, takardun da kake kuka da su, mu a Filato ba mu ganin sun yi yawa. Wanda ya ga watan Satumban 2001 a garin nan, ya ga 2008, ya ga 2010, ya kuma ji abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023, ba zai roƙi a sassauta hanyar shigowar harsashi ba, komai ƙanƙantarsa. A watan Janairun 2017 kwastam sun kama bindigogi 661 a cikin kwantena ɗaya a Legas. Idan da tsaurin ma ana samun haka, ina ga an sassauta? Abin da zan yarda da kai a kansa shi ne, tsauri daban, jan ƙafa daban. Ya kamata wanda takardunsa suka cika a sallame shi a kan lokaci.

Ɗana Koci, kada ƙanƙantar harsashin nan ta sa kowa ya raina shi. Dalmarsa ba ta kai giram uku ba, amma tana kisa, kuma tana tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi idan aka ɗaga baki sama. A jikin kwalin ma an rubuta gargaɗin. Shi ya sa mutumin da ya kira ka ya fi komai tayar mini da hankali a cikin rubutunka. Harsashin da ba shi da takarda, daga ɗaya cikin wurare biyu ya fito: ko an sato shi daga ma'ajiyar da aka amince wa wani, ko an yi fasa-ƙwaurinsa ta hanyar da ake shigo wa 'yan bindiga da nasu. Duk wanda ya saya ya zuba kuɗinsa a wannan hanyar. Kuma doka ba ta raba bindiga da harsashinta ba. Riƙe harsashin da lasisinka bai ƙunsa ba laifi ne mai kai mutum gidan yari, ranar da aka zo duba littafinku aka ga kwanson da aka harba ya fi abin da aka rubuta, ƙungiyar ce za a rufe, yaran su rasa goman ma. Ƙin amsa masa bai wadatar ba. Ka kai lambar ga 'yan sanda, ko ga cibiyar nan ta ƙasa mai yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021, a rubuce, ka riƙe kwafi.

Game da ajiya kuma, ga abin da na gani da idona. Harsashin .22 ba a like yake kamar na soja ba, dalmarsa a shafe take da wani abu kamar kakin zuma, kuma danshi yana samun hanyar shiga ta inda dalma ta haɗu da kwanso. Wani abokina, Allah ya jiƙansa, ya ajiye kwalaye a ɗakin kwano shekara da shekaru. Da muka buɗe, kakin ya narke ya daskare ya kama ƙura, dalmar ta yi fari-fari, a cikin goma sai biyu ko uku su ƙi tashi. Nan Jos ke nan da sanyinta, ina ga zafin Abuja na watan Maris da danshin Agusta? Ku ajiye na bukatarku a akwatin ƙarfe mai rufuwa ruf, a wuri mai sanyi, nesa da bindigogin, ku riƙa fara amfani da tsohon.

Hajiya Maman Sadik ta amsa:

Wa alaikumus salam. Baba ya gama magana a kan mai wayar nan, ba ni da ƙari. Ni zan tsaya a kan tambayar ƙarshe, domin na yi wannan wasa a ƙuruciyata, kuma na san abin da ɗalibarka take ji.

Malam Koci, mayar da su kan bindigar iska ba koma baya ba ne, kuma ina roƙonka kada ka gabatar musu da shi a matsayin da babu gara ba daɗi. Harbin mita 10 gasa ce mai zaman kanta a wasannin Olamfik, da ita Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinare a Beijin a 2008. Tsakiyar allonta ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kuma a tsaye ake harbi 60, wato a matsayin da ya fi kowane wuya. Ƙwayar dalmar mai milimita 4.5 tana zuwa 500 a gwangwani ɗaya, ba ta da albarushi, zafi da danshi ba su lalata ta kamar harsashi. Tsayuwa da numfashi da matsa kunama a hankali da riƙe saiti bayan harbi ya fita, duk a nan ake gina su, kuma wanda ya ƙware a tsaye a mita 10 ya ci rabin aikin mita 50. Sai dai a kula, a dokarmu bindigar iska ma tana cikin rukunin da ke bukatar lasisin 'yan sanda, don haka a tabbatar na ƙungiya ya ƙunshe ta kafin a ƙaro ko ɗaya.

Amma ban yarda a ajiye .22 gaba ɗaya ba, saboda akwai abin da ɗaki ba ya koyarwa. A mita 50 a fili ake harbi, harsashin gasa kuma a hankali yake tafiya, ƙasa da saurin sauti kaɗan, don haka iska tana kaɗa shi, alhali da'irar tsakiya mai maki goma ba ta wuce milimita 10.4 ba. Karanta tutocin iska da sanin lokacin da za a dakata sai da harsashi na gaske. Inda nake ganin gyara shi ne rabon. Goma-goma ga kowa duk Asabar adalci ne a ido, amma a horo asara ce, domin rabi yana tafiya a gyaran saiti kamar yadda yarinyar ta faɗa. Gara a tara rabon sati huɗu ko biyar a ba mutum lokaci ɗaya ya yi cikakken zama, sauran makonnin ya yi su a kan iska da atisayen da ba harsashi. Kowa ya riƙe bindiga ɗaya, ya rubuta inda saitinsa ya tsaya a ɗan littafi, don kada a riƙa farawa daga farko.

A atisayen da ba harsashi a yi hattara, domin a irin wannan bindiga allura gefen ɗakin harsashi take nufa, wato gurbin da harsashi ke zama a cikin bindiga, idan babu komai a ciki tana iya dukan ƙarfe ta lalata kanta ko ta lotsa bakin ɗakin. A yi amfani da harsashin roba na atisaye, ko maɓallin da wasu bindigogin gasa suke da shi don wannan aikin. Sannan idan oda ta zo, a duba lambar rukunin da ke jikin kwali a ware wa masu shirin gasa rukuni ɗaya, saboda ko kamfani ɗaya ne, rukuni biyu ba sa faɗawa wuri ɗaya a bindiga ɗaya. Kuma a sa yaran su wanke hannu da sabulu kafin su ci komai, dalma ce suke taɓawa.

Injiniya Baban Ilham ya ƙara da cewa:

Alhaji, na karɓi gyara a kan dala, lissafinka ya fi nawa kusa da aljihun Malam Koci. Abin da zan riƙe daga nawa bayanin shi ne halin mutane, domin shi ba ya bukatar biza. Idan labari ya bazu cewa kaya sun iso, kowane mai lasisi ya ruga ya cika iyakar abin da aka yarje masa ko ba ya bukata, to mun yi irin na Amurka a ƙaramar kasuwar da ba za ta iya ɗauka ba. Idan za a yi odar haɗin gwiwar, a rubuta rabon kowace ƙungiya tun kafin kaya su taso.

Kocin Gwarinpa ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Baba, na bi umarninka: jiya Litinin ni da sakataren ƙungiya muka kai lambar mutumin a rubuce, aka buga mana hatimi a kan kwafinmu, yana cikin fayil. Na kuma kira masu horarwa biyu da na sani, ɗaya a Kaduna ɗaya a Legas, dukansu sun ce halin da suke ciki ke nan, kuma sun amince kowa ya fitar da lissafin bukatarsa ta shekara daga littafinsa kafin ƙarshen wata, mu haɗa mu rubuta wa hukumar wasan. Alhaji, idan ba za mu takura maka ba, za mu so ka duba mana jerin takardun kafin mu miƙa, don kada ɗaya ta mutu tana jiran 'yar'uwarta.

Hajiya, na zauna da abin da ya rage a ma'ajiya na sake rabo a kan tsarinki. Yara takwas ne suka kai matakin mita 50, don haka biyu za su riƙa yin cikakken zama kowace Asabar, sauran shida suna kan iska, a zagayo duk wata. Da na gaya wa ɗalibar tawa cewa ranar da layi ya zo kanta za ta sami guda arba'in a zama ɗaya, sai ta tambaya ko za a bar ta ta riƙa zama a bayan masu harbi a sauran makonnin, tana kallon tutoci tana rubuta inda take zaton harsashi zai faɗa kafin a duba allo. Na ce mata ta zo da littafinta. Abin da ya rage mini shi ne bindigogin iskarmu uku ne kawai, ɗaya kuma robar cikinta ta fara zubar da iska. Idan kin san mai gyaran da ke da rajista a Abuja ko Kaduna, ki taimaka ki turo mini ta saƙon sirri kafin Asabar.